Daga Hadarin Gabas Zuwa Mahaukaciyar Guguwa: Yadda Ake Bin Sawunta da Yadda Ake Shirya Mata

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san hadarin kirki daga gabas yake haɗowa. Gari ya yini da zafi, da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara tayar da ƙura, mata su kwashe shanya, kafin a ankara ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Bayan awa ɗaya ko biyu ya ɗauke, hadarin ya yi yamma, kowa ya koma harkarsa. Ba kowa ke tambayar inda yake ƙarewa ba. Tarin hadari irin wannan yakan ratsa Nijar da Burkina Faso da Mali, ya faɗa tekun Atlantika ta gaɓar Senegal ko Gini, bayan kwana goma zuwa mako biyu kuma a ji shi a labarai an raɗa masa suna irin na mutane, yana yaye rufin gidaje a Florida ko Texas. Kimanin kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika daga nan nahiyarmu suke samo asali.

Mazaunin Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 yana da dalilin sanin yadda abin yake. Akwai masu 'ya'ya da ƙanne a Houston, ɗaya daga cikin biranen Amurka da 'yan Najeriya suka fi yawa. Akwai 'yan kasuwar da motocinsu ke jiran jirgi a tashoshin Amurka kafin su iso Apapa ko Tin Can. Akwai kuma saƙonnin WhatsApp da ke yawo da damina, wai guguwa kaza ta nufo Legas, kowa ya yi ta kansa. Sannan abin da ya fi kashe mutane a wannan guguwa, wato ruwa, shi ne dai abin da ke shigo mana ɗaki a Legas kowace shekara.

Yadda take haɗuwa, da abin da ya hana ta zuwa Legas

Da damina Sahara tana da zafi da bushewa, gaɓar tekun Gini kuma tana da laima da ɗan sanyi. Wannan bambanci ne ke haifar da wata iska mai ƙarfi a sama, nisan kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, tana gudu daga gabas zuwa yamma. Ba a miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa ne kamar igiyar da aka kaɗa, kuma kowane lanƙwaso yana tara gizagizai da tsawa. Duk kwana uku zuwa biyar ɗaya yakan wuce, a shekara a samu kimanin 60. Yawancinsu suna shiga teku suke watsewa.

Wanda zai rayu sai ya dace da abubuwa da dama a lokaci guda. Zafin ruwan teku ya kai digiri 26.5 a ma'aunin salshiyos, kuma zafin ya nutsa har kimanin mita 50, domin guguwa tana dama teku, idan ruwan sanyi na kusa sai ta jawo shi sama ta kashe kanta. Iskar da ke kewaye ta kasance da laima. Iskar sama da ta ƙasa kada su saɓa wa juna sosai wajen ƙarfi ko alƙibla, in ba haka ba sai su karkatar da hadarin kan ya rabu da gindi. Idan an dace, tururi ya tashi daga teku, ya zama gajimare, ya saki zafi, iska mai ɗumi ta ƙara yin sama, matsin iska ya ragu a tsakiya, sabuwar iska ta kwararo daga kowane gefe. Juyin duniya ne ke murɗa wannan iska ta zama kewaye. Babbar abokiyar gabar guguwar ita ce busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, wadda kan bi ta har tsakiyar teku ta shaƙe ta.

A kan layin Ikwaita wannan murɗawa babu ita sam, kuma sai an yi nisan kimanin digiri 5 take fara tasiri. Legas na kan digiri 6 da rabi arewa da Ikwaita, tekun da ke kudu da ita kuma ya miƙe ne zuwa Ikwaita, inda guguwa ba ta iya juyawa. Tarin hadarin da muka ambata yana kan tudu ne lokacin da yake wuce mu, ba ya samun teku sai ya kai can yamma, daga nan kuma iska ta ci gaba da tura shi nesa da mu. Ga shi ruwan mashigin tekun Gini yana yin sanyi tsakanin Yuli da Satumba, daidai lokacin da guguwa ke tashe. Shi ya sa babu tarihin irin wannan guguwa ta taɓa sauka a gaɓar Najeriya. A yankinmu tsibiran Cape Verde ne suka fi kusa da haɗarin, kamar yadda guguwar Fred ta ratsa su a ƙarshen Agustan 2015. Kudu maso gabashin Afirka kuwa lamarinsu daban ne: Idai ta afka wa birnin Beira na Mozambik a Maris 2019, ta kashe fiye da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabwe da Malawi.

Bin sawu

Lokacin guguwa a Atlantika yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. Cibiyar da ke sa ido a kai tana birnin Miami, ana kiranta NHC, ƙarƙashin NOAA, hukumar kula da yanayi da teku ta Amurka, kuma shafinta kyauta ne ga duk mai waya. Tun abu bai zama guguwa ba suke sa alama a taswira: rawaya idan yiwuwar ya haɗu cikin kwana bakwai ba ta kai kashi 40 ba, ruwan goro daga 40 zuwa 60, ja idan ta haura 60. Da iskar da ke kewayawa ta kai gudun kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna. Idan ta kai 119 ta zama cikakkiyar guguwa.

Ana fitar da cikakkiyar sanarwa duk awa shida. A agogon Legas tana faɗowa ƙarfe 4 na asuba, 10 na safe, 4 na yamma da 10 na dare. Idan guguwa ta kusanto ƙasa ana ƙara gajerun sanarwa a tsakani. Wannan jadawali kaɗai ya isa tace jita-jita: duk hoton taswirar da aka turo maka, duba lokacin da ke rubuce a jikinsa, idan ya wuce awa shida an riga an fitar da wanda ya shafe shi.

Bayanan suna zuwa ne daga taurarin ɗan'adam da na'urorin da ke shawagi a teku, amma mafi inganci shi ne na jiragen sama da ke kutsawa cikin guguwar kanta, na sojan saman Amurka samfurin WC-130J da na NOAA samfurin P-3. Suna ratsa ta har tsakiya suna sakin ƙananan na'urori masu lema, waɗanda ke aiko da gudun iska da zafi da laima da matsin iska kafin su faɗa teku. A cikin alƙaluman nan, matsin iska na tsakiya ya fi komai saurin tona asiri. A ranar da gari yake lafiya matsin iska a bakin teku yana kusa da miliba 1013. Babbar guguwa kan sauko ƙasa da 960, mafi muni kuma su kusanci 900. Idan daga sanarwa zuwa sanarwa lambar tana faɗuwa da sauri, guguwar na ƙara ƙarfi ke nan ko da lambar gudun iskar ba ta riga ta canza ba.

Sai hoton da kowa ya sani, mai kama da mazurari, siriri a inda guguwar take yanzu, yana buɗewa zuwa kwana biyar masu zuwa. Babu hoton da ake yi wa gurguwar fahimta kamarsa. Mutane suna ɗauka faɗinsa shi ne faɗin guguwar, wanda yake ciki ya shiga uku, wanda yake waje ya tsira. Alhali abin da yake nunawa kawai shi ne inda tsakiyar guguwar za ta iya bi, kuma an auna faɗinsa ne da kurakuran hasashen shekaru biyar da suka gabata, ta yadda sau biyu cikin uku tsakiyar kan tsaya a ciki. Sau ɗaya cikin uku ke nan takan fita. Iska da ruwan sama da tumbatsar teku kuwa suna kaiwa ɗaruruwan kilomita daga tsakiyar. Kuskuren hasashen kwana biyar yakan wuce kilomita 200, na kwana ɗaya kuma yawanci bai kai 80 ba.

An ga illar wannan a Satumban 2022. Kwanaki ana ta maganar guguwar Ian za ta nufi birnin Tampa na Florida, hankalin jama'a ya tafi can, sai ta sauka kudu da nan, kusa da Fort Myers, ranar 28 ga wata. Yankin yana cikin mazurarin tun farko, amma da yawa sun zuba ido ne a kan layin tsakiya. Kimanin mutum 150 suka rasu a Florida, da yawansu ruwan teku ne ya ci su.

Akwai kuma hoton layuka barkatai kamar an watsa taliya. Kowane layi hasashen wata kwamfuta ce, ko kuma kwamfuta ɗaya da aka sa ta maimaita lissafi da ɗan sauyi a bayanan farko. Fitattu su ne GFS na Amurka da ECMWF na Turai. Amfanin hoton ɗaya ne: idan layukan sun dunƙule, masana na da tabbaci, idan sun bazu, da sauran rina a kaba. Ɗaukar layi guda mai ban tsoro daga hasashen kwana goma a yaɗa shi, wannan tayar da hankalin jama'a ne kawai.

Inda hasashe ya fi rauni har yau shi ne ƙarfin guguwa. Idan gudun iska ya ƙaru da kimanin kilomita 55 a awa cikin yini ɗaya, masana na kiran wannan ƙaruwar gaggawa. Guguwar Otis ta yi fiye da haka nesa ba kusa ba a Oktoban 2023: cikin kusan awa 24 ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa mataki na 5, mafi girma a ma'aunin ƙarfin iska, ta afka wa Acapulco a Meziko cikin dare mutane ba su shirya ba. Saboda haka masu aikin agaji ke cewa a yi shirin mataki ɗaya sama da wanda aka yi hasashe.

Lambar mataki ba ta faɗin komai game da ruwa

Matakan ƙarfin guguwa biyar ne, bisa gudun iskarta. Na 1 daga kilomita 119 zuwa 153 a awa, na 2 daga 154 zuwa 177, na 3 daga 178 zuwa 208, na 4 daga 209 zuwa 251, na 5 daga 252 zuwa sama. Daga na 3 ake cewa babbar guguwa. Ƙarfin bugun iska ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: idan gudun ya ninka biyu, bugun da take yi wa bango ya ninka huɗu.

To amma wannan ma'auni iska kawai yake aunawa, kuma a ganinmu yawan ambatonsa a labarai ya cutar da mutane. Wani nazari da aka yi a cibiyar Miami kan mace-macen 1963 zuwa 2012 a Amurka ya nuna kusan mutum tara cikin goma da guguwa ta kashe kai tsaye ruwa ne ajalinsu. Kusan rabi tumbatsar teku ce, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma ambaliyar ruwan sama.

Tumbatsar teku tana faruwa ne idan iska ta yi awanni tana turo ruwa gaba ɗaya zuwa gaɓa, teku ya hau tudu ya ƙi komawa. Tsayinta ya danganta da faɗin guguwar, da zurfin teku kusa da gaɓa, da kuma ko ta dace da lokacin cikar teku. Inda gaɓa ba ta da zurfi ruwan ba shi da wurin nutsewa sai dai ya hau gari. Guguwar Ike mataki na 2 ce lokacin da ta sauka a Galveston da ke Texas a 2008, amma saboda faɗinta ruwan ya kai mita 4 zuwa 6 a wasu wurare. Katrina ta sauko zuwa mataki na 3 kafin ta sauka ranar 29 ga Agusta 2005, duk da haka ruwan ya wuce mita 8 a gaɓar Mississippi, shingayen New Orleans suka fashe, kimanin kashi 80 na birnin ya nutse. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne, don haka bangon gida ba ya jure masa. A arewacin Ikwaita guguwa tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, shi ya sa ɓangaren damanta, idan ka fuskanci inda ta nufa, ya fi muni ga iska da tumbatsa.

Ruwan sama kuma saurin tafiyar guguwa ne ke hukunta shi. Harvey ta tsaya cik a kan Texas a Agustan 2017, ta zubar da ruwan da ya wuce milimita 1,500 a wani wuri gabas da Houston cikin 'yan kwanaki, wato kusan abin da Legas ke samu a shekara guda. Helene ta sauka a Florida a Satumban 2024, amma inda ta fi kisa shi ne duwatsun North Carolina, ɗaruruwan kilomita daga teku, wurin da mutane ba su taɓa lissafa kansu cikin masu fuskantar guguwa ba.

Shiri, da agogon da ake bi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Agogon shiri ba ya tsayawa a lokacin da tsakiyar guguwa za ta iso, yana tsayawa ne a lokacin da iska mai gudun kilomita 63 za ta fara kaɗawa, domin daga nan ba a hawa tsani, ba a ɗaukar allon katako, ana kuma rufe manyan gadoji. Hukuma na ba da sanarwar a zauna cikin shiri awa 48 kafin wannan lokaci, sanarwar gargaɗi kuma awa 36 kafinsa. NHC na da taswira ta musamman mai nuna lokacin isowar wannan iska, kuma ta fi mazurarin amfani ga mai shiri.

Tambaya ta farko ita ce a tashi ko a zauna. A garuruwan gaɓar Amurka an raba unguwanni zuwa shiyyoyin kwashe jama'a bisa yadda ruwan teku zai iya kai musu. Mai kiran ɗan'uwansa daga Legas, maimakon "Yaya, muna ta ganin abu a talabijin, ku gudu," ya fi amfani ya ce, "Yaya, wace shiyya gidanku yake, an ce shiyyarku ta tashi? Ruwa ya taɓa shiga unguwar? In za ku tashi, gidan wa za ku?" Wanda yake shiyyar da aka ce a tashi, ko yake gidan tafi-da-gidanka, ko yana da majinyacin da na'urarsa ke buƙatar lantarki, ya tashi da wuri. Wanda yake gini mai ƙwari a kan tudu, sau da yawa zamansa ya fi. Tafiyar ma ba sai ta yi nisa ba, kilomita 30 zuwa 50 daga inda ruwa zai kai takan wadatar. A 2005, da Rita ta nufo Texas makonni kaɗan bayan Katrina, miliyoyin mutane suka fito titi lokaci guda, motoci suka tsaya cikin zafi kusan yini guda, mai ya ƙare, waɗanda suka mutu a hanyar gudu suka fi waɗanda guguwar ta kashe da kanta.

Mai zama kuma ruwan sha ne farkon tanadinsa: kusan lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku, na mako guda ya fi. Gida mai mutum shida na buƙatar lita 72 a kwana uku, a lissafinmu na nan jarka uku masu lita 25, ko jakar fiya wata takwas. Wannan na sha da girki ne kawai, na alwala da banɗaki a cika bokitai da baho daban. Abinci ya zama wanda ba ya buƙatar firji ko doguwar dahuwa. Maganin hawan jini da na ciwon suga a tanadi na mako biyu. Kuɗi a hannu, domin ba wuta ba ATM ba POS. A cika tankin mota tun kwana uku kafin lokaci, a caja wayoyi da fawa bank, a nemi tocila da rediyo mai batir. Kyandir yana jawo gobara a lokacin da motar kashe gobara ba za ta iya fitowa ba. Fasfo da takardun zama da na gida da na inshora a sa su cikin leda mai zif, a kuma ɗauki hotonsu a tura wa wani amintacce a nesa, kuma a nan ɗan'uwa na Legas yana da rawar takawa. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ta ambaliyar daban ake saya, kuma ta gwamnati sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki.

Tagogi ana rufe su ne daga waje da allon katako mai kaurin kusan santimita 1.6, a ɗaure shi da sukurori a jikin ginin. Manna salatif a gilashi ba ya hana shi fashewa. Dalilin damuwa da taga da ƙofar gareji shi ne, da zarar iska ta sami kafa ta shiga, sai ta tura rufi daga ciki yayin da ta waje ke tsotsarsa daga sama, rufin ya tashi gaba ɗaya. Duk abin da ke tsakar gida, kujera ko tukunyar fure ko kwandon shara, a shigar da shi, don a iska mai gudun 180 makami ne.

Idan ta iso a koma ɗaki na tsakiya marar taga. Idan iska ta ɗauke ɗif, har rana ta leƙo, kada a fita: idon guguwar ne ke wucewa, kuma cikin mintoci ko awa guda iskar za ta dawo da cikakken ƙarfinta daga ɗaya ɓangaren. Idan ruwa ya shigo a hau bene, amma kada a shige cikin silin da ba shi da mafita, mutane sun mutu a haka a New Orleans. Na Legas kuma ya rage kira, ya tura gajeren saƙo, don saƙo na ratsawa lokacin da layi ya cunkushe kuma ba ya cinye batir.

Bayan ta wuce ma ana mutuwa. Beryl mataki na 1 ce kawai lokacin da ta bi ta Houston a Yulin 2024, amma fiye da gidaje da shaguna miliyan 2 suka rasa wuta, wasu har mako guda cikin tsananin zafi, kuma zafin ya kashe mutane. Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, daga barcin sai mutuwa. Janareta ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ko baranda ko lungun bene ba. Wannan ba sabon labari ba ne ga mazaunin Legas, an sha wayar gari da iyali guda a mace saboda an shigar da janareta ciki gudun ruwa ko ɓarawo. Firji a rufe yana riƙe sanyi awa 4, firiza cikakkiya awa 48.

Ga 'yan kasuwar mota akwai abu biyu. Ana rufe tashoshin jiragen ruwa na Amurka mataki-mataki tun awa 72 kafin iska, a rufe ruf saura awa 12, don haka jinkirin kaya a irin wannan lokaci ba lallai ƙaryar dillali ba ne. Na biyu, bayan kowace babbar ambaliya dubban motocin da suka nutse suna shiga gwanjo, wasu kuma su ƙare a kasuwanninmu an wanke su tsaf. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a layin da kujera ke gudu a kai, a leƙa ramin safaya ko akwai busasshen taɓo, a jawo bel har ƙarshe a ga ko akwai shatin ruwa, a binciki tarihin motar da lambar jikinta. Ruwan gishiri yana cin wayoyi a hankali, matsalar ba ta bayyana sai bayan watanni.

Ruwan Legas

Namu ruwan ta hanya uku yake zuwa. Akwai na sama, wanda ya fi yawa a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Irinsa ne ya nutsar da gari ranar 10 ga Yuli 2011, da kuma 3 ga Yuli 2024 lokacin da Iyana Oworo da Lekki suka zama kogi. Akwai na teku, daga manyan igiyoyin ruwa da ke tasowa can kudancin Atlantika, irin wanda ya share bakin tekun Kuramo cikin dare a Agustan 2012 ya tafi da mutane. Akwai kuma na kogin Ogun, wanda ke cika idan an saki ruwa daga madatsar Oyan, yawanci a ƙarshen damina, ya shafi Isheri da kasuwar Kara da Agiliti da Owode da kewayen Mile 12, wuraren da Hausawa ke da yawa. Wannan na ukun yana iya shigowa rana tsaka ba ko ɗigon ruwan sama.

Abin da ke haɗa su ya zama bala'i shi ne cikar teku. Magudanan Legas a cikin lagun suke juyewa, lagun kuma a teku. Teku na cika sau biyu a yini, kuma idan ya cika ruwan kwata ba shi da wurin zuwa, har yakan dawo da baya. Cikar ta fi yawa a lokaci biyu na watan Musulunci: kwanakin tsayuwar jinjirin wata, da kuma daren 14 zuwa 16. Duk wanda ke bin lissafin wata yana da rabin hasashen a hannunsa. Idan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta yi gargaɗin ruwa mai yawa a Yuni ko Yuli kuma ya dace da waɗannan kwanaki, a ɗaga buhunan hatsi da na albasa a kan katako tun dare, a kwashe takardu da kayan lantarki zuwa sama. Hukumar NIHSA, mai sa ido kan koguna da ambaliya a Najeriya, na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, masu kula da madatsar Oyan kuma sukan sanar kafin su ƙara sakin ruwa. Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na unguwanni su ne suka fi dacewa su riƙa bibiyar waɗannan sanarwa suna isar da su da Hausa a masallatai, domin mai shanu a Kara yana buƙatar yini guda ko biyu kafin ya sami mota da wurin da zai mayar da dabbobinsa.

Idan ruwa ya fara shigowa gida, a kashe wuta daga babban makunni kafin ya kai soket, da busasshen hannu, ana tsaye a busasshen wuri. In ya riga ya kai, kada a taɓa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma na tafiya da jif. Ga masu acaba da masu Keke da masu tura baro haɗarin ya fi haka, domin ruwa na shafe iyakar titi da buɗaɗɗiyar kwata, ga kuma wayoyin lantarki da suka faɗo ba a gani. Lambobin agajin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767.

Bayan ruwa ya janye, rijiya da tankin ƙasa sun riga sun haɗu da ruwan masai. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024 da damina ta zo. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana tafasa, a ajiye a mazubi mai murfi. Wanda gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da suga nan take, ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, yana sha ana kan hanyar asibiti.